Ido ba mudu ba ne: yadda ake haɗa ƙaramin jirgin sama a ƙauye, a tashi da shi a sauka lafiya

Bara da kaka wani yaro mai walda daga ƙauyen da ke gabas da mu ya ɗauko jirgin da ya ƙera a bayan a-kori-kura, ya sauke shi a ƙofar rumfata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce kai ne za ka gaya mini gaskiya. Wata goma sha ɗaya ina aikinsa. Yana gudu a ƙasa, amma ya ƙi ɗagawa." Na zagaya jirgin sau biyu ina shafa waldar. Hannun yaron nan yana da kyau, ya fi na wasu da na yi aiki da su a birni. Sai dai gangar jikin da ƙarfen ƙofar gida ya yi ta, fukafukan kwanon rufi ne, injin kuma na tsohuwar Golf. Na aika aka ɗauko sikelin da muke auna buhunan riɗi, muka ɗora tayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka haɗa lissafi. Kilo 640, babu mai, babu mutum a ciki. Nawa da ke ɗaukar mutum biyu kilo 275 ne. Na ce masa, "Ɗana, ka gode wa Allah da bai ɗaga ba."

Shekara 26 na yi ina aikin kwanon jirgi a Kaduna da Legas kafin na dawo gida, tsakanin Ringim da Taura, na kama noman shinkafa da riɗi. A nan na haɗa nawa jirgin, a ƙarƙashin rumfar kwano, cikin shekara shida. Saboda irin wannan yaron nake wannan rubutu, domin suna da yawa. Tun 2007 da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya karaɗe duniya, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci da babura, kusan duk shekara sai an ga wani a waya yana nuna nasa. Mutane su taru su yi tafi, wasu su yi dariya, bayan wata biyu jirgin ya zama wurin kwanan kaji. Yaran nan ba basira suka rasa ba. Mu Hausawa muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma da wannan idon ake gina ɗaki a ƙera amalanke lafiya lau. A aikin jirgi ƙimar ido ba ta isa. Komai sai an auna, an rubuta, an sake aunawa.

Ka fara koyon tuƙi kafin ka sayi ko kusa ɗaya. Na san wannan ba shi kake son ji ba. Wanda bai taɓa tuƙa jirgi ba, ya hau jirgin da bai taɓa tashi ba, ya haɗa baƙi biyu a wuri ɗaya, kuma idan abu ya lalace ba zai san ko shi ne da laifi ko jirgin ba. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar shekara 17 da haihuwa, da gwajin lafiya wurin likitan da hukuma ta amince da shi, da aƙalla awa 40 a sama, da jarrabawar rubutu kan yanayi da dokokin sama da sadarwa. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, akwai wata a Ilori. Kuɗin yana da nauyi, ban ɓoye maka ba. Ni sai da na sayar da filin da na saya a Kaduna. In ba ka da hali yanzu, ka ci gaba da ƙira, amma ka ƙudurta a ranka cewa wani ne mai lasisi zai fara tashi da shi.

In kuma mai saukar ungulu kake mafarki, ka ajiye shi tukuna. Farfelarsa ita ce fiffikensa, tana juyawa tana lanƙwasa sau ɗaruruwa a minti guda, ƙaramin kuskure a saitinta yana wargaza jirgin tun yana ƙasa. Jirgi mai kafaffen fiffike ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko injinsa ya mutu yana sulalowa a hankali.

Maganar takarda a gajarce. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ita ce ke ba jirgi rajista da lambar da ke farawa da 5N, ita ke duba lafiyarsa, ita ke ba matuƙi lasisi. A kundin dokokinta, kashi na 2 na lasisi ne, na 4 na rajista, na 5 na lafiyar jirgi. Ka rubuta musu tun kafin ka yanka kwano na farko, ka gaya musu irin jirgin da za ka haɗa, ka tambayi matakan da suke son su zo su gani da idonsu kafin ka rufe fiffike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ajiye rasit na kowane abu, ka ɗauki hoton kowane aiki, ka buɗe littafi kana rubuta kwanan wata da abin da ka yi da awa nawa ya ci. Filin sauka ma sai da izini, inshora kuma dole ce. Sannan ka tuna halin da ƙasa take ciki. A watan Maris na 2021 gwamnati ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro, don haka ƙaramin jirgin da ba a san mai shi ba abin zargi ne a ko'ina a Arewa. Ni tun ina harhaɗa wutsiya na je gaban dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake yi a gidana, ina so ka fara ji daga bakina." Shi ya kai ni wurin hakimi, daga nan muka sanar da jami'an tsaro. Har yau babu wanda ya taɓa zuwa mini da tambayar da ba ni da takardar amsa ta.

Kada ka zana jirginka da kanka. Ka sayi zanen wanda ɗaruruwan mutane suka riga suka haɗa suka tashi da shi, ka bi shi layi-layi. Babu abin kunya a ciki. Jirgin Air Beetle da aka haɗa guda 60 a Kaduna don koyar da sojojin sama, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, irin wanda mutane ke haɗawa a garejin gidajensu. Akwai zane na katako, kamar Pietenpol Air Camper da ke tashi tun 1929, amma katakon da ake so, irin na ƙasashen sanyi, ba ya nan, ga gara, ga bushewar hunturu da ke tsattsaga itace. Akwai na bututun ƙarfe da ake lulluɓewa da yadi, yana da sauƙin nauyi, sai dai ranarmu tana cin yadin in ba a yi masa fenti mai kare shi ba, awaki kuma suna taunarsa. Ni Zenith CH 701 na zaɓa, zanen Chris Heintz na 1986. Duk jikinsa alminiyam ne, fiffikensa a sama yake, tayoyinsa manya, an yi shi ne don gajeren fili mara kwalta. Iyakar nauyinsa da mutane da mai da kaya kilo 500. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne a Kpong ta ƙasar Gana an haɗa irinsa an yi ta tashi da shi, har wata 'yar ƙauye, Patricia Mawuli, da ta fara da aikin tumɓuke kututture a filin, ta zama mai haɗa su da tuƙa su. Kana iya sayen kayan a yanke a huje ka harhaɗa kawai, ko ka sayi zanen ka yanka komai da hannunka. Na biyun ya fi araha, ya kuma ninka lokaci sau uku ko fiye. Ni na biyun na bi, littafina ya nuna awa 2,300.

Yanzu ga inda yawancin yaranmu ke faɗuwa, wato kayan aiki. Alminiyam suna ne kawai, iri-iri ne. Na tukunya da na tagar gida da na jirgi ba ɗaya ba ne, ko da ido bai bambance su. Zanen 701 yana son mai lamba 6061-T6, kuma lambar a buge take a jikin fallen. In babu lamba, kada ka saya, ko mai kayan ya rantse maka. Fatar fiffike ba ta kai rabin milimita kauri ba, in ka riƙe ta za ka ce ba za ta ɗauki kaza ba, amma idan aka lanƙwasa ta aka ɗinke da haƙarƙarinta tana ɗaukar nauyin jirgin ninki huɗu. Wanda ya ce bari ya ƙara kauri don ƙarfi, nauyi ya ƙara, kuma nauyi shi ne babban abokin gaba. Inda ake buƙatar ƙarfe, kamar mazaunin inji da ƙafar gaba, mai lamba 4130 ake sawa. Kusoshi da notuna kuma masu lambar AN, wato waɗanda aka yi su don jirgi. Kayan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suna yi wa mota da ƙofar gida aiki yadda ya kamata, ba don jirgi aka yi su ba. Kusoshin da ke riƙe fiffike ba su fi cikin tafin hannu ba, a kansu ranka yake rataye. Araha ba ta ado a nan.

Teburin aiki shi ne farkon abin da za ka ƙera: tsawon ƙafa 12, faɗin ƙafa 4, a miƙe sak. Ka gwada shi da tiyo mai ruwa irin na magina ta kowace kusurwa, domin in teburin ya murɗe fiffiken ma a murɗe zai fito, jirgin kuma zai riƙa karkata gefe guda har ƙarshen rayuwarsa. Kayan hannu ba su da yawa: injin huda, almakashin kwano na dama da na hagu, magagari, bindigar ribit ta hannu (ribit ita ce 'yar ƙusar da ke ɗinke kwano biyu), da ɗaruruwan 'yan maƙalai da ake kira kiliko, masu riƙe kwano biyu kafin a buga ribit. Sola ɗaya da batiri biyu sun ishe ni.

Ka fara da ɓangaren wutsiya mai karkata hancin jirgi dama da hagu. Ƙarami ne, in ka ɓata shi asarar ba ta da yawa, kuma duk abin da za ka koya yana cikinsa. Kada ka yi alama da fensir a kan alminiyam, baƙinsa yana jawo tsatsa, ka yi da maka. Kowace huda ta yi nisa da bakin kwano aƙalla ninki biyu na kaurin ribit. Bayan ka huda sai ka kwance komai, ka goge bakin kowace huda ciki da waje har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba, ka share ɓurɓushin da ya shiga tsakani, sannan ka mayar ka buga. Hudojin dubbai ne, wannan aikin shi ke cin rai, kuma shi ne bambancin jirgin da zai shekara ashirin da wanda zai fara tsagewa a shekara biyu. Tsaga daga ƙarzane take farawa. Ƙarzanen da ƙusa ta yi a kan kashin bayan fiffike, wanda farce ke maƙalewa a ciki, ya isa ka jefar da ƙarfen. Na jefar da guda, na jira wata huɗu kafin wani ya iso. Yaron nan mai walda yanzu kowace Asabar yana rumfata, wutsiya ta biyu yake yi. A ta farko na zagaye masa ribit tara da jan maka, duk sun matso bakin kwano. Ya dube ni ya ce, "Baba, ai ba za a gani ba." Na ce iska za ta gani.

Inji shi ne rabin kuɗin jirgi, shi ya sa kowa ke waiwayar na mota. Ga dalilin da ya sa ba ya yi. Injin mota yakan yi nauyin na jirgi ninki biyu. A kan titi ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake bayarwa, na jirgi kuwa yana riƙe da kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa awa bayan awa. Sannan injin mota sai ya yi gudu sosai yake ba da ƙarfi, farfela kuma in ta wuce wajen juyi 2,700 a minti bakinta yana kusantar gudun sauti, sai ƙara ta yi yawa jan iska ya ragu. Nawa Rotax 912 ne na ƙasar Ostiriya, mai ƙarfin doki 80, nauyinsa wajen kilo 60. Yana juyi 5,800 a minti lokacin tashi, giyarsa tana rage wa farfela zuwa wajen 2,550. Kowace silinda filogi biyu gare ta, da wuta biyu daban-daban, in ɗaya ta ɗauke ɗayar na nan. Sabonsa yana da tsada ƙwarai. Na hannu na saya, tare da littafinsa da ke nuna awannin da ya yi da duk gyaran da aka taɓa yi masa. Injin da ba shi da littafi ka ɗauke shi kamar wanda ya ƙare. Wanda ba shi da wannan kuɗin, akwai hanyar injin Volkswagen Beetle mai sanyaya kansa da iska, an daɗe ana gyara shi don jirage masu ɗaukar mutum ɗaya, amma shi ma da zanensa da ƙa'idarsa.

Fetur ɗin mota injina yake sha, wajen lita 15 a awa. Wannan rahama ce, kuma nan ne na taɓa ganin abin da ya firgita ni. Wata shekara ana wahalar mai na sayi jarka biyu a hannun 'yan bumburutu a bakin hanya. Na zuba, na tayar da inji, na taka birki na ba shi wuta don gwaji kamar kullum. Bai yi minti ɗaya ba ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Da na tsiyayo daga ƙasan tanki a kwalba, ruwa ya kwanta a gindi kusan yatsa biyu, man yana bisa. Da na gajarta gwajin nan da rabin minti, da a kan bishiyoyin ƙarshen fili zai mutu. Tun ranar daga gidan mai mai yawan ciniki kawai nake saye, ina tace shi da mazurari mai raba ruwa, kuma kafin kowane tashi sai na tsiyayo daga kowane tanki na ɗaga kwalbar a hasken rana. Man da ya haura wata guda a ajiye na injin ban-ruwa ne. Da hunturu kuma ka kula da wutar da ke tartsatsi in ka taɓa mayafi da dare, irinta tana taruwa a jarkar roba. Ka haɗa jirgin da mazurarin da ƙarfen da ka kafa a ƙasa da waya kafin ka fara zubawa.

Kafin tashin farko akwai awo biyu da ba a tsallakewa. Na farko gudun mai. Ka ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, ka bar mai kaɗan a tanki, ka cire tiyo daga bakin kafireta ka tara. Injina yana shan lita 24 a awa in an ba shi wuta duka, ana son man da ke gangarowa ya ninka haka sau ɗaya da rabi, wato lita 36. Gorar ruwa mai cin 75cl ta cika cikin daƙiƙa 75 ke nan. In ta fi haka daɗewa, akwai inda tiyo ya lanƙwashe ko matata ta toshe.

Na biyu cibiyar nauyi. Ka tuna yadda mai tallan ruwa yake saita sanda a kafaɗa, in garwar baya ta rinjaya ba ya iya tafiya. Ka daidaita jirgin, ka sa sikeli a ƙarƙashin kowace taya, ka saki zare mai ƙarfe daga bakin fiffike ka yi alama a ƙasa, ka auna nisan kowace taya daga alamar. Nauyin kowace taya sau nisanta, ka haɗa na tayoyin da ke bayan alamar, ka ɗebe na wadda ke gabanta, ka raba da jimlar nauyi, abin da ya fito shi ne inda cibiyar take. Zanen ya ba ka iyaka ta gaba da ta baya. Ka sake lissafin da kai kaɗai, da mutum biyu, da cikakken tanki, da tanki kusan fanko, kana ƙirga kowace lita a kan gram 720. Jirgin da nauyinsa ya rinjaya baya yana ɗaga hanci da kansa, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, abin da matuƙa ke kira sitol, kuma a kusa da ƙasa ba a dawowa daga wannan. A nawa jirgin, batiri na matsar gaba da taƙi guda ya zauna daidai.

Filina tsawon mita 400 ne, faɗin mita 20, a kan tudu inda ƙasa ke da ƙarfi. Rairayin jigawa yana riƙe taya, fadama kuma da damina taɓo ce. Na shimfiɗa shi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, domin iskar hunturu daga can take zuwa, ta damina daga nan, kuma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. Takarda ta ce 701 yana ɗagawa a ƙasa da mita 50. Kada ka gina fili a kan wannan lambar, don iska mai sanyi a bakin teku aka lissafa ta. Ƙasarmu tana sama da teku da wajen mita 400, kuma in zafi ya kai 40 a watan Afrilu iska tana yin sako-sako har jirgi ya ji kamar daga wurin da ya fi Jos tudu yake tashi. Inji ya rasa wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, farfela ta rage cizo, fiffike ya nemi ƙarin gudu. Ga ciyawa, ga fasinja. Nisan da jirgi zai yi gudu a ƙasa kafin ya ɗaga yana iya ninkawa ba ka ankara ba. A tsakiyar filin na kafa tsohuwar taya mai farin fenti a gefe. In na iso ta ban kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, sai in janye totur in taka birki, ba na tsayawa shawara da zuciyata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kowace safiyar tashi da ƙafa nake taka filin daga farko har ƙarshe. Tsidau da ƙayar aduwa suna fasa taya, gafiya tana haƙa rami cikin dare ɗaya, turken da makiyayi ya manta ya isa ya karya ƙafar gaba. Yara kuma su ne babban abin tsorona. Farfela in tana juyawa ba a ganinta. Na roƙi mai unguwa da liman suka yi magana a masallaci, na ja layi da duwatsu, ɗan ƙanena kuma yana tsaye da sanda har sai na kashe inji. Ba na tayarwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Baffa, babu kowa."

Lokacin tashi a ƙasar nan daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Da tsakar rana ta bazara ƙasa tana tafasa, iska na cilla ƙaramin jirgi sama da ƙasa, guguwa kuma tana tasowa babu sallama. Hazon hunturu ya fi yaudara. Kana ƙasa kana ganin shuɗin sama ta bisa kanka, in ka hau sai ƙasa da sama su zama launi ɗaya, ka rasa inda suka rabu, jikinka ya riƙa gaya maka a miƙe kake alhali ka karkace. Doka tana son ka iya hangen kilomita 5. Akwai wata kuka da na auna nisanta daga rumfata, in ban gan ta sarai ba ba na fito da jirgi. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, iskar da ke gabansa tana riga shi isowa da nisa, don haka in gabas ta yi baƙi ka sauka tun rana tana haske a kanka. Ka duba hasashen hukumar yanayi ta NiMet, ka riƙe rediyo, ka san iyakar sararin da hasumiyar filin jirgin Kano da ta Dutse ke kula da shi, kada ka shiga sai da izininsu. Shirwa da ungulu suna shawagi a kan mahauta da kasuwa, ta wajen fadamar Haɗeja kuma garken jan-baki yana tashi kamar hayaƙi. Tsuntsu in ya tsorata ƙasa yake nutsawa, saboda haka ta samansa ake bi.

Tashin farko ba a filina aka yi ba. Mun cire fukafukai muka ɗora jirgin a babbar mota zuwa filin jirgi mai kwalta da motar kashe gobara, kuma wani tsohon matuƙi da ya daɗe a ƙananan jirage shi ya fara hawa. Ban gayyaci kowa ba, domin taron jama'a yana sa mutum ya tashi ranar da bai kamata ba. Kwana biyu muka yi ana gudu a ƙasa kawai, ana gwada birki da zafin inji. Rana ta uku da sassafe ya ɗaga, ya hau sama sosai a kan filin, ya yi minti ashirin yana zagaye, ya gwada tafiya a hankali don ya san gudun da fiffike ke sakin iska, ya sauko. Ina tsaye ina ta salati, ƙafafuna suna rawa. Da ya fito ya ce, "Malam, fiffiken hagu ya ɗan fi nauyi, in ban da haka lafiya yake." Muka buɗe murfin inji muka bi kowane tiyo da kowane noti. A Amurka irin wannan jirgi yakan yi awa 40 na gwaji babu fasinja, ni ma haka na bi. Maiɗakina ta jira wata bakwai kafin ta ga rufin gidanmu daga sama.

Abu ɗaya nake maimaita wa kaina da baki kafin in ba inji wuta: in ya mutu bayan na ɗaga, hanci ƙasa nan take, in sauka a abin da ke gabana. Juyowa fili shi ke kashe mutane, domin a kwana mai tsanani nauyin da fiffike ke ɗauka yana ninkawa, gudun da yake sakin iska ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa na san gonakin da ke kowane ƙarshen filina kamar tafin hannuna: wa ya girbe, ina kunya ta kwanta a tsaye ina a gicciye, ina rijiya, ina wayar wuta ta bi.

Ajiya ma aiki ce. Ɓera yana cin rigar waya, tsuntsu yana sheƙa a kan silinda cikin yini ɗaya, amma wanda na fi tsoro shi ne zanzaro. A ƙarƙashin fiffike akwai ɗan siririn bututu da ke shaƙar iska yana gaya wa agogo gudun jirgi, kuma ramin daidai yake da abin da zanzaro ke nema ya liƙe da laka. A 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku da mutum 189 bayan ya tashi daga Jamhuriyar Dominika, masu bincike kuma sun fi zargin irin wannan ƙwaron ne ya toshe masa bututun. Nawa na taɓa samunsa a liƙe bayan kwana uku kacal. Yanzu da na kashe inji nake rufe shi da hula mai jan ƙyalle, haka ma 'yan ramukan numfashin tanki, domin in suka toshe mai ba ya gangarowa. Kada ka hura bututun da baki, za ka fasa agogon. Ka cire tiyon ta baya ka zura siririyar waya.

Ko a cikin rumfa a ɗaure jirgin yake kwana, igiya a kowane fiffike da wutsiya, a jikin ƙarfen da na binne da siminti, saboda iskar farkon damina da ke yaye rufin makaranta ba za ta bar abu mai kilo 275 ba. Daga tsakiyar Yuli kuma ba na tashi sam. Gero da dawa sun yi tsayi, duk inda ka duba babu wurin saukar gaggawa, kara kuma in ya kama tayoyi kifar da jirgi yake yi. A watannin nan nake binciken shekara: in buɗe duk murafan dubawa, in bi wayoyin sitiyari da ƙyalle ko zai maƙale a silin da ya tsinke, in nemi baƙin gari a gefen ribit wanda ke nuna ta fara motsi, in canza baƙin mai da filogi, in yanka tsohuwar matatar mai in duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, in gwada ɗaurin farfela da sifana mai awo, in rubuta komai a littafi mai dubawa ya sa hannu. Sai an yanke gero an kwantar da kara, gonaki sun buɗe, sannan nake sake taka filin da ƙafa in cire jan ƙyallen.